Yadda Na Mayar da Bayanan Awon Nauyin Sinadarai Taswirar Launi ta Layin Umarni

Binciken digirina na biyu a kan gubar aflatoxin ne a cikin gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wato gubar da naman gwari irin su Aspergillus flavus ke haifarwa idan aka adana amfanin gona da danshi. Na tattara samfura 18, na niƙa su, na tatso sinadaransu da metanol da ruwa, sannan muka aika da su wani ɗakin gwaje-gwaje a ƙasar waje da ke da na'urar Q Exactive ta kamfanin Thermo, mai auna nauyin sinadarai, domin sashenmu ba shi da irinta. Mako bakwai na yi ina jira. Ranar da saƙo ya shigo na ɗauka wahala ta ƙare, ina tsammanin zan ga tebur mai sunayen samfura da adadin gubar da ke cikin kowanne. Abin da na tarar shi ne fayiloli 26 masu ƙarewa da .raw, sunayensu lambobi ne zalla, kuma babu wata manhaja a kwamfutata da ta yarda ta buɗe ko ɗaya. Sauke su kaɗai ya ci mini dare uku da kuɗin data fiye da na wata guda, saboda duk lokacin da intanet ya yanke sai fayil ɗin da ke kan hanya ya koma farko.

Ya dace in faɗi abin da ke cikin waɗannan fayiloli tun yanzu, domin rashin fahimtarsa ne ya fi ɓata mini lokaci. Ana tura ruwan samfur ta cikin wani siririn bututun rarrabewa, irin wanda ake kira C18, inda wasu sinadarai ke wucewa da wuri, wasu kuma su maƙale sai daga baya su fito. Duk abin da ya fito ana fesa shi a ɗora masa cajin lantarki, na'urar kuma ta auna nauyin kowace ƙwayar sinadari bisa cajinta, abin da ake rubutawa m/z, tare da ƙarfin siginar da ta bayar. Tana maimaita wannan awo ɗaruruwa ko dubban lokuta daga farkon gudu zuwa ƙarshensa. Saboda haka kowane ɗigon bayani lambobi uku ne, lokacin fitowa da m/z da ƙarfin sigina, kuma fayil guda yana ɗauke da miliyoyinsu. Taswirar launi tana shimfiɗa lokaci a kwance, m/z a tsaye, ƙarfin sigina kuma ya zama launi, ta yadda ido zai ga gudun gaba ɗaya a hoto guda. Malamin da ke duba aikina ne ya ce kada in fara lissafin adadin guba sai na ga yadda bayanan suke tukuna.

Matakin farko ba na kwamfuta ba ne. Sai da na rubuta wa ɗakin gwaje-gwajen ina neman takardu biyu da ya kamata in nema tun ranar da na aika samfura: jerin da ke nuna wane fayil ne na wane samfur da kuma tsarin da aka bi wajen shigar da su na'ura, sai bayanin hanyar awon. Kwana tara suka wuce kafin amsa ta zo. Daga takardun na gane cewa fayiloli 18 ne nawa, biyar na tsantsar aflatoxin ne a matakan ƙarfi daban-daban, uku kuma na wofi ne, wato ruwan narkarwa zalla ba samfur a ciki. Na kuma san cewa kowane gudu minti 20 ne, an auna m/z daga 100 zuwa 1000 a caji mai alamar tarawa, kuma na'urar tana yin awo iri biyu a cakuɗe: awon gaba ɗaya da ake kira MS1, da awon gutsattsarin ƙwayar da ta zaɓa ta farfasa, wato MS2. A lokacin ban ba wannan batu na ƙarshe muhimmanci ba.

Mataki na biyu shi ne mayar da fayilolin zuwa mzML, buɗaɗɗen tsarin da ƙungiyar HUPO-PSI ta fitar a 2008 domin kowace manhaja ta iya karanta bayanan kowace na'ura. Kayan aikin da aka fi amfani da shi shi ne msconvert na ProteoWizard, kuma kyauta ne, sai dai yana dogara da ɗakunan karatun manhaja, wato shiryayyun sassan manhaja da wasu manhajoji ke aiki da su, na kamfanonin na'urorin, waɗanda aka yi domin Windows. Kwamfutata kuwa Ubuntu take amfani da shi, ba Windows ba. Akwai hanyar gudanar da shi ta Docker, manhajar da ke ƙunshe wata manhaja da duk abin da take buƙata domin ta yi aiki a wata kwamfutar, amma girman abin da zan sauke ya tsorata ni, don haka na nemi aron kwamfutar sashe mai Windows na yini biyu. A karon farko na rubuta msconvert *.raw --mzML kawai a layin umarni, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni da kalmomi maimakon danna linzami, na koma gefe. Fayilolin suka fito kowanne ya ninka na asali girma, domin an adana cikakken siffar kowane tudun sigina, ɗigo da yawa ga ƙwaya ɗaya. A karo na biyu na ƙara --zlib domin matse bayanan, da --filter "peakPicking vendor msLevel=1-" wanda ke rage kowane tudu ya zama ɗigo ɗaya a tsininsa. Wannan tacewa ita ake sanyawa farko kafin kowace iri, in ba haka ba ba za a yi amfani da lissafin kamfanin na'urar ba. Ana tsakiyar aikin aka ɗauke wuta, kuma fayil na 14 ya tsaya rabi ba tare da wata alama a sunansa ko siffarsa ba. Sai bayan kwana huɗu na gano haka, lokacin da manhajar karatu ta tsaya da ƙorafin cewa rubutun XML bai kammala ba. Tun daga ranar nake duba wutsiyar kowane fayil da umarnin tail, in tabbatar layin rufewa na indexedmzML yana nan kafin in ɗauke shi daga inda aka juya shi.

Daga nan na koma kwamfutata na shirya Python, harshen rubuta manhaja, da ɗakunan karatu huɗu, pyteomics domin karanta mzML, lxml da yake buƙata, numpy domin lissafi, matplotlib domin zane. Ko kwabo ban biya ba a nan in ban da data. Wani abokin karatu ya ba ni 'yar manhajar da ya taɓa amfani da ita, layi ba su kai ɗari ba, na sake mata suna taswira.py na fara gyara ta daidai buƙatata. Tunanin cikinta mai sauƙi ne: a yi babban tebur na gurabe, kowane gurbi yana wakiltar ɗan tsakanin lokaci da ɗan tsakanin m/z, a zuba ƙarfin siginar kowane ɗigo a gurbinsa, a mayar da teburin hoto. Da yake na ji ana yabon daidaiton wannan na'ura, sai na ce faɗin gurbin m/z ya zama 0.001, na lokaci kuma daƙiƙa ɗaya. Na danna maɓalli, fankar kwamfutar ta ɗauki ƙara, linzami ya daina motsi, bayan wani lokaci kalma ɗaya ta bayyana a baƙar tagar umarni: Killed. Babu wani bayani bayanta. Sai da na ɗauki biro na yi lissafi na ga wautata. Daga 100 zuwa 1000 a matakin 0.001 layuka 900,000 ke nan, minti 20 kuma ginshiƙai 1,200, jimilla gurabe fiye da biliyan ɗaya, kowanne yana cin bait takwas, wato sama da gigabait takwas da rabi, alhali ƙwaƙwalwar kwamfutar gaba ɗaya gigabait takwas ce. Ko da ta iya ɗauka ma, allon da tsayinsa bai kai ɗigo dubu biyu ba ba zai nuna layuka 900,000 ba. Na mayar da faɗin gurbin 1, na kuma gyara karatun ya riƙa ɗauko awo ɗaya bayan ɗaya maimakon loda fayil ɗin dukansa.

Hoton farko da ya fito baƙi ne wuluk, sai 'yan ɗigo huɗu ko biyar masu haske, kuma ma'aunin lokacin da ke ƙasa ya tsaya a 0.33 maimakon minti 20. Matsalar lokacin ta zo ne daga asalin manhajar: abokina da pyOpenMS ya rubuta ta, wani ɗakin karatu na daban wanda ke bayar da lokaci a daƙiƙoƙi, shi ya sa yake rabawa da 60, ni kuma fayilolina a mintoci suke tun asali. Baƙin kuwa dalilinsa shi ne ƙarfin sigina a irin wannan awo yana bambanta ninki dubu goma ko fiye tsakanin babba da ƙarami, don haka idan aka raba launi daidai wa daida, manyan kaɗai ke samun haske. Maganinsa ma'aunin logaritim ne, wanda ke ba kowane ninki goma mataki ɗaya na launi, wato LogNorm a matplotlib. Da na sanya shi sai hoton ya cika da abubuwa, amma ya zo da ratsi-ratsi a tsaye kamar tabarma. Yini guda na yi a kan wannan. Ashe abu biyu ne suka haɗu. Na farko, ina zuba awon MS2 tare da MS1, kuma gutsattsarin suna watsuwa a inda bai kamata ba. Sharaɗi ɗaya na duba matakin awo ya raba su. Na biyu, tazarar da ke tsakanin awon MS1 ba ɗaya ba ce, domin na'urar takan tsaya farfasa ƙwayoyi a tsakani, saboda haka wasu gurabe na daƙiƙa ɗaya babu awo a cikinsu, wasu kuma biyu suka faɗa aka tara su. Na daina yanka lokaci gurbi-gurbi, na ba kowane awo ginshiƙinsa, na zana da ainihin lokacinsa ta hanyar pcolormesh.

Kafin wannan canji akwai kuskuren da ya fi ba ni tsoro, domin bai nuna kansa a matsayin kuskure ba. Na karanta cewa kusan kowace na'ura mai fesa irin wannan tana ganin wani gurɓataccen sinadari na dangin siloksen daga iskar ɗaki a m/z 445.120, har wasu kan yi amfani da shi wajen daidaita na'urar, da kuma wani na dangin roba a 391.284. Waɗannan suna fitowa ne a matsayin dogon layi a kwance tun daga farkon gudu har ƙarshe, tunda ba daga bututun rarrabewa suke zuwa ba. Na duba taswirata ban ga komai a 445 ba, amma ga layi ɗoɗar a wajen 655, ga wani a wajen 709. Na daɗe ina kallonsu kafin in lura cewa 445 da 655 idan aka haɗa 1100 ne, haka 391 da 709, wato jimillar 100 da 1000. Hoton a kife yake. Umarnin imshow da na fara amfani da shi yana ɗora layin farko na tebur a saman hoto sai in an gaya masa origin='lower', amma lambobin gefen da na rubuta da kaina suna hawa daga ƙasa zuwa sama, suna ba da shaidar ƙarya ba tare da wani gargaɗi ba. Da ban san waɗannan gurɓatattun sinadarai biyu ba, da na yi mako ina neman aflatoxin a inda ba ya nan.

Da hoton ya daidaita sai na fara karanta shi da gaske, kuma a nan ne na ga amfanin wahalar. A farkon gudu akwai cunkoso a tsaye na abubuwan da bututu bai riƙe ba. A ƙarshe, inda ake ƙara ƙarfin metanol domin wanke bututun, akwai babban haske tsakanin 700 da 900 na mai da danginsa, abin da ba mamaki ga gyaɗa. Sai kuma wani abu a samfura shida wanda babu a sauran: jerin ɗigogi masu hawa a karkace kamar matakalar bene, tazararsu iri ɗaya. Na auna tazarar na samu 44.026, wato nauyin gaɓa ɗaya ta sarƙar polietilin gilaikol, sinadarin da ke cikin sabulun ruwa da kayan wanki da yawa. Na koma littafin aikina na tarar waɗannan shidan su ne na tatsa a ranar da kwalaben gilashi suka ƙare, na wanke tsofaffi da sabulun wanke-wanke na ɗauraye su sau biyu kawai. Laifina ne, ba na kowa ba. Irin wannan gurɓata tana iya danne siginar abin da ake nema a wurin fesa, saboda haka ko lissafi ya ce babu guba a samfuran nan, ba zan iya dogara da shi ba.

Sauran abin da ya rage shi ne neman gubar kanta. Nau'i huɗu nake nema: aflatoxin B1 idan ya ɗauki proton, ƙwayar da ke ba shi caji, yana fitowa a 313.0707, B2 a 315.0863, G1 a 329.0656, G2 a 331.0812, kuma a bututun C18 G2 ne ke fara fitowa, sai G1, sai B2, B1 na ƙarshe. Na rubuta ɗan zagaye a layin umarni ya bi fayiloli 26 ɗaya bayan ɗaya, na bar shi yana aiki na tafi masallaci, na dawo na tarar da hotuna sun jeru. Kusan kowane samfur yana da ɗigo mai haske a layin 313. Har fayil ɗin wofi na biyu yana da shi. Gabana ya faɗi, domin a ganina ko dai dukan gyaɗar da na saya ta gurɓace, ko kuma aikin gaba ɗaya ya lalace. Na buga hotuna huɗu na kai wa Malam washegari. Ya jera su a kan tebur, ya ɗaga gilashinsa ya dube su, sannan ya ce, "To, wannan rawayan nawa ne?" Na ce, "Malam, shi ne mafi ƙarfi." Ya ce, "Mafi ƙarfi a wane hoto? Ina sandar da ke nuna ma'aunin launin? Ido ba mudu ba ne, amma ko kimar ma ba ka ba shi abin da zai kimanta da shi ba." Ban iya cewa komai ba, na tattara takarduna.

Gaskiyarsa ce. Idan ba a ƙayyade ba, matplotlib yana ba siginar da ta fi ƙarfi a kowane hoto launi mafi haske, don haka fayil ɗin da babu komai a cikinsa yana iya yin haske kamar wanda ya cika. Na ƙara zaɓi biyu a manhajar ta hanyar argparse, ƙasa da rufin ma'aunin launi, na tsayar da su a 1e4 da 1e8, wato dubu goma da miliyan ɗari, ga dukan fayiloli, na kuma sanya sandar launi a gefen kowane hoto. Ɗigon da ke fayil ɗin wofi ya dusashe har da ƙyar ake ganinsa. Da na koma jerin shigarwa sai na ga wannan fayil shi ne ya biyo bayan tsantsar aflatoxin mafi ƙarfi kai tsaye, wato 'yar ragowa ce da ta maƙale a hanya, kuma na wofi na uku tas yake. Batun samfuran kuwa faɗin gurbi ne ya yaudare ni. Gurbi mai faɗin 1 yana haɗe duk abin da ke tsakanin 313 da 314 wuri ɗaya. Na zana taswira ta biyu ta kusa da umarnin python taswira.py samfur07.mzML --mz 312 337 --gurbi 0.02, wanda ya ba da layuka 1,250, daidai abin da allo zai iya nunawa. Nan take ɗigon ya rabu biyu. Wanda ke cikin kusan dukan samfuran yana 313.27 ne, yana fitowa can kusa da ƙarshen gudu, kuma nauyinsa ya dace da 313.2737 na monopalmitin bayan ya zubar da ƙwayar ruwa, sinadarin mai ne da ba shi da alaƙa da guba. Na ainihi, a 313.07, yana fitowa daidai lokacin da ya fito a fayilolin tsantsa, yana da ɗan rakiya a sama da shi da tazarar 1.003 na karbon 13, wato karbon da ya ɗan fi na yau da kullum nauyi, da wani a 335.05 inda sodiyam ya maye gurbin proton. Samfura kaɗan ne suka nuna alamomin nan uku tare.

Taswirar ba ta ba ni adadin guba ba, kuma ba aikinta ba ne. Wannan na same shi daga baya ta ciro siginar 313.0707 a cikin tazarar kashi biyar cikin miliyan, kimanin 0.0016 sama da ƙasa, na auna faɗin tudun na kwatanta da na tsantsa. Amma ita ce ta gaya mini waɗanne fayiloli zan amince da su kafin in kai ga lissafin. Wanda zai bi wannan hanya, ina ba shi shawara ya nemi jerin shigarwa da bayanin hanyar awo tun kafin fayiloli su iso, ya lissafa girman teburinsa da biro kafin ya danna maɓalli, ya fara da fayil ɗin tsantsa inda ya san abin da ya kamata ya gani da inda zai gan shi, sannan ya zana taswira biyu ga kowane samfur, ta gaba ɗaya mai faffaɗan gurbi da ta kusa mai ƙunci. Na kuma ga dalilin da ya sa layin umarni ya fi danne-dannen linzami a irin wannan aiki, duk da cewa farkonsa ya fi ɗaci: umarni ɗaya ne ke bin fayiloli 26 da ma'auni iri ɗaya, kuma idan Malam ya ce a canza rufin launi, lamba ɗaya zan gyara in sake gudanarwa. Yanzu manhajar tana rubuta cikakken umarnin da aka ba ta da ƙananan haruffa a ƙasan kowane hoto, saboda akwai ranar da na tarar da hotuna biyu na samfur ɗaya a jakar fayiloli, sun sha bamban, na kasa tuna wanne aka yi da wane ma'auni.

Daga ranar da fayiloli suka iso zuwa ranar da Malam ya sa hannu a kan hotunan, mako biyar ne. Samfura shidan da sabulu ya gurɓata na sake tatsar su daga ragowar garin da na adana a firiza, wannan karon a sababbin kwalabe da na ɗauraye da metanol, kuma a cikin kwalin da na aika har da kwalba ta bakwai wadda ta bi dukan matakan tatsa ba tare da gyaɗa a cikinta ba.